Ɗan bida a kan buhunan albasa

Yau da hantsi na kai ƙanena tashar Tahoua, sai muka tarar da wani tsoho ɗan Adar yana shan shayi. Da ya ji muna kukan tsadar tikiti, ya yi dariya har ya aje kofin. Ya ce: "Yaro, na ga Wagadugu, na ga Kumasi, na ga Abijan, ban taɓa biyan ko dala ba." Wai a Galmi yake taya lodin albasa, direba ya ɗauke shi a matsayin yaron mota. Kwana bisa buhu, guzurinsa ƙuli-ƙuli da garin rogo. In sun sauka ya nemi zango, can ba a rasa Bahaushen da zai ba baƙo tabarma da tuwo. Ya ce warin albasa kawai ya biya, don ya fi wata bai bar rigarsa ba.

Na ce: "Baba, ba ka ji tsoro ba?" Ya ce tsoron me, ai direban ɗan ƙauyensu ne. Ni kuwa da fasfo a aljihu, shekara nawa ina jiran in tara kuɗin jirgi, ko Agadas ban taɓa zuwa ba.