Daren suyar layya da Baba ya yi magana

Babbar Sallah ce kaɗai ke tara mu duka a gidanmu da ke ƙasar Ringim. Na Kano su zo, na Dutse su zo, har na Legas yakan yi ƙoƙari. Amma da an gama "ya hanya, ya iyali, ya aka ji da tsadar rago", shi ke nan, kowa ya sunkuya kan wayarsa, Baba yana kan buzunsa yana jan carbi. Tsohon ya doshi tamanin, jikokinsa kuwa ba abin da suka sani game da shi sai goron Sallah. Bana na ce sai an yi hira ta gaske.

Ban nemi hirar a bakin akushi ba. Tun muna yara ake kwaɓar mu kan surutu ana cin abinci, ga maza a zaure mata a cikin gida, ga surukai da ko loma ba sa iya haɗiyewa a gaban Baba. Sai na jira daren washegarin Sallah, bayan an sauke ragunan da suka kwana a rataye an yi rabo, an ɗora kaskon suya a tsakar gida. A lokacin kowa da aiki a hannunsa, hannun kuma duk maiƙo, waya ba ta riƙuwa. Na jawo tabarmi kusa da murhu, na ɗauko buzun Baba na ce nan ya fi iska.

Ɗa ba ya tsare ubansa da tambaya, amma jika yana da wannan damar. Na raɗa wa 'yata, wadda yake kira amaryarsa. Na hana ta cewa "ba mu labarin da", don na san amsar: da ai ya wuce. Abu na nuna mata. A kafaɗar Baba ta dama akwai wata kanta baƙa mai tauri, da muka tashi muna gani ba wanda ya taɓa tambaya. Ta dafa wurin ta ce, "Angona, wa ya ji maka ciwo a nan, in rama maka?"

Ya yi dariya, ya ce ita da ko tuwo ba ta iya ba. Can sai ya ajiye carbin. Ya ce farin 1973 ne, shekarar da naira ta canji fam. Gero ya ƙone a tsaye, rumbu ya zama fayau. Ya hau jirgin ƙasan Nguru daga tashar Ringim ya sauka Kano, ya shiga ga-ruwa a Fagge, garwa biyu a sanda tun asuba har magariba, yana kwana a zauren wani malami. Sandar ce ta bar masa kantar. Ya ce akwai ranar da zazzaɓi ya hana shi ɗaukar ruwa, yunwa ta sa shi, magidanci da iyali, ya tsaya ƙofar wani gida ya yi bara.

Inna tana juya nama, ba ta ko waiwayo ba, ta ce, "Malam bai faɗi rabi ba." Ta ce kwanukan jerenta ta riƙa sayarwa ɗaya bayan ɗaya, tana haɗa dusa da tafasa tana ba Yaya Babba. Shi Yayan yana zaune da furfurarsa, bai taɓa jin wannan ba. Daga nan hira ta ɓalle. Aka shiga cutar da ta kashe gyaɗa a 1975, da murnar da aka yi da Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali. Matar ƙanena, 'yar Haɗeja da ban taɓa jin muryarta a gaban Baba ba, ta ba da labarin yadda ambaliyar 2022 ta cinye musu shinkafa. Har kaskon ƙarshe ya huce ba wanda ya tashi.

Ashe wani ɗan Yaya, ɗalibin jami'a, yana bayanmu jikin rumbu yana ɗaukar Baba a waya. Da safe ya zuba a zauren WhatsApp na dangi, wani ya ɗauka ya tura gaba. Kafin ranar kasuwa har an sami mai tare Baba yana dariya: "Malam, ashe an taɓa bara a birni?" Mutumin da ke jan sallah a masallacin unguwa! Da na je sallama bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi, "Na ɗauka da 'ya'yana nake magana."

Har yanzu in na tuna raina ɓaci yake. Yaron ya ce tarihi yake adanawa. To wa ya hana ka durƙusa ka nemi izini? Da Baba ya faɗi na faɗa, ya riƙe na riƙewa. Abin da tsoho ya ɓoye shekara hamsin ya fito da shi don ya ga nasa ne zagaye da shi, kai ka kai shi kasuwa.

Duk mai son gwada irin wannan a gidansu, ya kauce wa maganar gonar gado da "yaushe za ki fito da miji", waɗannan kowa ya san inda suke ƙarewa. Kada kuma ya yi shelar cewa yau za a yi zaman hira, tsofaffi ba sa magana bisa umarni. Amma kafin komai, ya tara samarin gidan ya gaya musu baki da baki: abin da aka faɗa a tsakar gida amana ne, ba ɗauka, ba turawa.

Yaron ya goge, ya zo ya ba da haƙuri, Baba ya ce ba komai. Mu da muka san shi mun san irin wannan "ba komai". Da 'yata ta sake taɓa shi da tambaya cewa ya yi, "Je ki tambayi waya." Inna ta ce in ƙyale shi sai an yi girbi, zai sauko. Baɗi dai in Allah ya kai mu, wayar kowa a ɗakin Yaya za ta kwana, wanda bai yarda ba ya ci namansa a zaure.