Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Wa Ya Sa Hannu a Aljihu?

Makon jiya na tsaya a inda muka kammala manhajar rubuta bashi. Wata tara muka yi a kanta, ni da abokin nan nawa da ba zan kama sunansa ba. Duk wanda muka nuna wa sai ya ce ma sha Allah. Kawu ne kaɗai, Allah Ya jiƙansa, ya karɓi wayar ya jujjuya, ya ce: "Ɗana, cikin masu yabon nan, wa ya sa hannu a aljihu?"

Raina ya ɓaci ranar. Gani nake bai fahimci zamani ba.

Da muka fitar da ita, 'yan kasuwa kaɗan suka sauke, kafin wata ya ƙare duk sun watsar. Na je wurin ɗaya na tarar da shi da tsohon littafinsa, biro maƙale a kunne. Ya ce min mai cin bashi so yake ya ga sunansa a takarda, in ya biya a soke a gabansa. Hirar minti biyar ke nan, amma wata tara ba mu yi ta da kowa ba.

Sai bayan rasuwar Kawu na ji labarin Nick Swinmurn na Amurka. A 1999, kafin ya tara kaya, shagunan takalma yake bi yana ɗaukar hoto yana sawa a intanet. In wani ya biya, ya koma shagon ya sayo ya aika masa. Daga nan kamfaninsa na sayar da takalma a intanet, Zappos, ya taso, har kamfanin Amazon ya saye shi a 2009. Shi ma Drew Houston na Dropbox, manhajar adana fayiloli a intanet, gajeren bidiyo ya fitar a 2008, masu jiran manhajarsa suka tashi daga 5,000 zuwa 75,000. Ni dai na Swinmurn ya fi kwanta mini a rai, don rubuta suna a layi daban, fitar da kuɗi daban. Wa ya sa hannu a aljihu? Shi yana da amsa.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya har yau shi ne abokin nan yana yawo yana cewa ni na yi gaggawa. Allah shaida ne, tun watan farko na ce mu zana fuskar manhajar a takarda mu kai wa masu shaguna, mu nemi ko mutum uku su ba da kafin alƙalami. Ya ce a'a, za a sace mana dabara. Laifina shi ne na yi shiru na bi shi.

Yadda muka raba gari da shi, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.