Ranar da aka hana ni rubuta "ya warke"

Ina shekarata ta biyu a ɗakin duba masu ciwon fata na wani asibitin gwamnati, wani Alaramma ya shigo riƙe da hannun wani almajirinsa da bai wuce shekara tara ba. Tun kafin su zauna na san abin da ke tafe da su, domin ko lokacin da muke gaisawa yaron bai bar susa ba. Na buɗa tsakankanin yatsunsa, na duba wuyan hannu, hammata da gefen cibiya. Ƙazuwa ce, har wasu ƙurajen sun fara tara mugunya. Na rubuta masa farin ruwan shafawar nan, benzil benzoyet, mai raɗaɗi a jikin yara, na haɗa masa da maganin mugunyar, na ce su dawo bayan mako biyu. Shiru kake ji. Da wata ya ƙare ina cike rajista, na iso kan sunansa na rubuta "ya warke", kamar yadda na saba yi wa duk wanda bai dawo ba. A ganina, mai lafiya me zai dawo nema a asibiti?

Akwai wata babbar likitar fata da kan zo mana duk ranar Talata, mace mai ƙarancin magana da yawan tambaya. Ta ɗauki rajistar tana bi da yatsa har ta tsaya a kan wannan layi.

"Malam, wannan da ka ce ya warke, ka gan shi da idonka?"

Na ce, "A'a, ranki ya daɗe, ai bai dawo ba."

Ta ce, "To ko dai ya warke, ko sun koma kemis, ko kuɗin mota ya gagara, ko ya bar garin. Wanne ne a ciki?"

Na sosa ƙeya, abin da ba a cika so a ga ma'aikacin ɗakin fata yana yi ba. Ta ce in nemi makarantar in je in gano.

Na je da yamma, lokacin sanyin hunturu. Yaron na nan yana susa fiye da da, kuma ba shi kaɗai ba. Zaure ɗaya suke kwana, tabarma ɗaya, bargo ɗaya a ja nan a ja can. Alaramma ya ce, "Likita, maganin naka ya yi aiki kwana biyu, sai abin ya dawo." Gaskiya ya faɗa. Maganin bai yi laifi ba, ni ne na kashe maciji ban sare kansa ba.

Ƙwaron da ke jawo ƙazuwa bai kai rabin milimita ba. Macen ce ke haƙa rami a saman fata tana saka ƙwai biyu ko uku a kullum, su ƙyanƙyashe cikin kwana uku zuwa huɗu. Tun 1687 wasu Italiyawa biyu, Bonomo da Cestoni, suka bayyana shi, amma har yau a unguwanninmu ana ɗora laifin a kan ƙazanta ko ruwan rijiya ko wani abu da aka ci. Abin da ya fi ba ni mamaki da na koma karatu shi ne, mai ƙazuwa na yau da kullum ƙwari goma zuwa goma sha biyar kacal yake ɗauke da su a duk jikinsa. Ƙaiƙayin nan mai hana barci ba cizo ba ne, jiki ne ke tayar da ƙayar baya a kan ƙwaron da ƙwansa da kashinsa. Kuma wanda ya kamu karon farko yakan yi mako huɗu zuwa shida kafin ya fara susa. Ma'ana, yaron da ke kwance kusa da majinyacina, fatarsa sumul, yana iya kasancewa shi ne zai mayar masa da cutar. Duk wannan na karanta shi a makaranta, na ci jarrabawa a kansa, amma sai a zauren nan ya shiga kaina.

Talatar da ta biyo, likitar ta miƙo mini wasu takardu ta ce in karanta sau uku. Rahoton wani gwaji ne da aka yi a tsibiran Fiji, wanda Lucia Romani da abokan aikinta suka buga a mujallar New England Journal of Medicine a ƙarshen 2015. Mutum dubu biyu da 'yan kai suka shiga, daga al'ummomi uku, kowace aka bi da ita ta hanya daban. A ta farko an yi abin da aka saba: a ba mai ciwon da mutanen gidansa man shafawa na famitirin. A ta biyu kowa da kowa aka ba man, da mai susa da marar susa. A ta uku kuma kowa aka ba ƙwayar aibamektin ya haɗiya, ban da masu juna biyu da ƙananan yaran da ba su kai kilo 15 ba, waɗanda aka ba su na shafawa. Bayan wata 12 aka koma aka sake duba fatar mutane. Inda aka raba ƙwayar, masu ƙazuwa sun sauko daga kashi 32.1 cikin ɗari zuwa kashi 1.9. Inda aka raba man, daga 41.7 zuwa 15.8. Ƙurajen mugunya ma sun ragu a ko'ina, kuma sun fi raguwa inda aka sha ƙwayar, alhali ba maganin mugunya ba ce. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin ƙwayoyin cutar da ke shiga ta inda aka sosa su ne kan jawo wa yaro ciwon ƙoda, ka ga fuska ta kumbura, fitsari ya koma kamar ruwan shayi.

Na dawo ina ta zumuɗin kashi 1.9. Ita kuwa ko kallonsa ba ta yi ba, ta nuna mini al'umma ta farko. Can ma, inda ba a yi wani sabon abu ba, adadin ya faɗo daga 36.6 zuwa 18.8, kusan rabi. Ta ce in yi tunanin da a ce wani ya je tsibirin nan shi kaɗai da wani sabon sabulu, ya raba, ya dawo bayan shekara ya tarar cutar ta ragu da rabi. Da ya hau rediyo yana rantsuwa cewa sabulunsa ne. Ba kuma lalle maƙaryaci ba ne, abin da ya gani ya faɗa. Abin da ya rasa shi ne wani tsibirin da ba a kai sabulun ba, wanda zai ɗora nasa a kai ya gwada.

Wannan ne ya sauya yadda nake sauraron duk mai cewa maganinsa na aiki, har da ni kaina. Muna cewa gani ya kori ji, kuma a ciwon fata kowa gani yake yi, shi ya sa kowa likita ne: kaka tana da nata haɗin, mai kemis da nasa, mai tallar magani a mota da lasifika da nasa. Amma ciwon fata yana da halin lafawa da tashi. Kirci yakan tsananta da hunturu ya yi sauƙi da kansa in iska ta sauya. Mutum kuma ba ya neman magani sai ranar da abin ya kai maƙura, daga nan kuwa sau da yawa sauƙi ne ke biyo baya ko an sha magani ko ba a sha ba. Duk abin da aka shafa a wannan rana shi zai kwashe yabon.

Ƙaiƙayi kansa mugun ma'auni ne, yana yaudara ta fuska biyu. Bayan an kashe ƙwarin ƙazuwa ƙurmus, mutum na iya ci gaba da susa har mako biyu zuwa huɗu, sai ya ce maganin asibiti na banza ne, ya yi ta ƙara shafawa har fatar ta ƙone. Ta ɗaya fuskar kuma ga man nan mai haɗi uku da ake saya a kemis ba tare da takardar likita ba, wanda ke da sitiroyid a ciki, sinadarin da ke danne kumburi da ƙaiƙayi. Shafa shi ke da wuya ƙaiƙayi ya kwanta, uwa ta yi hamdala, alhali ƙwaron ko makeron yana ƙara bazuwa a ƙarƙashi, har ya sauya kama ya rikita wanda zai duba daga baya. Maganin gaskiya ya sha zagi, na yaudara ya sha albarka. Na daina tambayar "yaya ƙaiƙayin?" ita kaɗai. Yanzu sai na duba ko akwai sababbin ƙuraje a inda babu su da, in kuma tambayi wa ya fara susa a gidan tun bayan zuwansu.

Duban ma sai da na sake koyonsa. Yawancin hotunan da ke littattafan da muka yi karatu da su na farar fata ne, inda ake ce maka ka nemi ja. A fatar yaron Bahaushe jan nan ba ya fitowa. Wurin yakan yi duhu ne ko ya yi toka-toka, wani lokaci sai yatsa ya ji abin da ido bai gani ba. A 2020 wata ƙungiyar masana ƙazuwa ta duniya ta fitar da ƙa'idojin gane cutar hawa uku: wadda aka tabbatar don an ga ƙwaron ko ƙwansa, wadda alamominta suka bayyana sarai, da wadda ake zato. Da farko na ɗauka ƙaƙale ne irin na masu bincike. Sai ranar da ni da abokin aikina muka duba yara guda, kowa ya rubuta nasa a ɓoye, muka haɗa muka ga mun saɓa a kan da yawa daga cikinsu. In mutum biyu ba su daidaita a kan wane ne mai ciwon ba, lissafin waɗanda suka warke tatsuniya ce.

Duk da haka ban ɗauki sakamakon Fiji a matsayin wahayi ba. Al'umma uku ne kawai, kowace hanya da guda ɗaya, kuma tsibiri ruwa ya kewaye shi, shiga da fita da wuya. Tsangaya kuwa kasuwa ce: yau an kawo sabon yaro daga ƙauye, gobe wani ya tafi ganin gida, da rani a yi ƙaura. Wani aiki da David Taplin ya jagoranta a wani tsibiri na yankin San Blas a ƙasar Panama ya fi kama da halinmu. Sun shafa wa kowa famitirin, cutar ta sauko daga kashi 33 zuwa ƙasa da kashi 1, ta kuma zauna ƙasa shekaru muddin ana duba masu shigowa. Da Amurka ta kai wa Panama mamaya a ƙarshen 1989 aikin sa idon ya wargaje, cikin wata uku ta koma kashi 12. Rabon magani na rana ɗaya yana da daɗin ɗaukar hoto, amma wahalar tana wajen wanda zai zauna yana duba hannun kowane baƙo.

Ita aibamektin ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Ita ce Mectizan da aka daɗe ana rabawa a ƙauyukan bakin kogi saboda cutar da ke makantar da mutane, ana auna tsayin mutum da sanda a ba shi adadin ƙwayoyinsa. Ba ta kashe ƙwan ƙazuwa, shi ya sa ake maimaita ta bayan mako ɗaya zuwa biyu. A dazuzzukan Kamaru da wasu sassan kudancin Najeriya kuma ana taka-tsantsan da ita, saboda wata tsutsa da ke ratsa ido, wadda in ta yi yawa a jinin mutum maganin kan iya taɓa masa ƙwaƙwalwa. Magani ɗaya, amma sai an san ƙasar da ake tsaye a kai.

Akwai darasin da ba a takarda na same shi ba. Ranar da muka koma makarantar da niyyar yi wa kowa magani a dare ɗaya, na fito da waya zan ɗauki hoton hannun wani yaro don in gwada da yadda zai koma. Alaramma ya ɗaga hannu.

"Likita, gwaji za ku yi a kansu?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, ba gwaji ba ne, sanannen magani ne."

Ya ce, "To hoton na mene ne? Kuma wa zai gani?"

Ban ji haushi ba. Duk wanda ya san abin da ya faru a Kano a 1996, lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya haɗa yara wajen 200, aka yi ta shari'a kan ko an nemi yardar iyaye yadda ya kamata har aka sasanta da gwamnatin jihar a 2009, ya san daga inda tambayar ta fito. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Kuma tambayar tasa ta tono wata: iyayen yaran nan suna can garuruwa masu nisa, amanarsu aka ba shi, shin amanar ta haɗa da ba da izinin ɗaukar hoton jikinsu? Na mayar da wayar aljihu. Na zana hoton hannu a takarda, ina sa ɗigo a duk inda na ga ƙurji. Muka zauna na yi masa bayanin komai da Hausa, ya yi tambayoyinsa, sannan da kansa ya tsara yaran layi, manya suna shafa wa ƙanana daga wuya har tafin ƙafa, aka ƙulle tufafi da barguna a buhunan leda na kwana uku, tunda ƙwaron ba ya daɗewa in ya rabu da jikin mutum.

Rajistarmu yanzu tana da gida uku a inda da ake da ɗaya: "na gan shi, ya warke", "na gan shi, bai warke ba", da "ban gan shi ba". Gida na ukun ya fi sauran cika, kuma ba ya yi wa rahoton wata-wata kyau; an taɓa kirana ofis a kansa. Bayan sallar layya Alaramma ya aiko babban almajirinsa da saƙo cewa an kawo sababbin yara biyu daga ƙauye, ya ware musu tabarma a soro, kada su kwana cikin sauran sai na zo na duba yatsunsu. Na ce a gaya masa ina nan tafe bayan la'asar.