Abin awo ma sai an auna shi

In na ce wa mutane aikina duba kaya ne a kamfanin da ake sassaƙa ƙarafan injuna, sai su ɗauka aikin hutu ne, wai ka ɗauki ƙarfe ka jujjuya ka buga sitamfi ka ce ya yi. Ina! Zanen injiniya zai ce kaurin sandar nan milimita 25 ne, an yarda ta wuce ko ta gaza da maikiron 10 kacal, shi kuwa maikiron ɗaya sai ka raba milimita gida 1,000 ka ɗauki ɗaya. Silin gashin kai ma yana kai maikiron 70 haka, to ka ga ido ba shi da aiki a nan.

Rigimarmu da masu injin kullum a kan zafi ne. Mutum ya sauke ƙarfe yanzu-yanzu da ɗuminsa ya miƙo maka, "Malam dan Allah auna min, oga na jira." Ni kuma na ce a ajiye sai ya huce, nan take fuska ta canza. Ba taurin kai ba ne fa, ƙarfe miƙewa yake in ya ji zafi, mita ɗaya na ƙara wajen maikiron 11 zuwa 12 a kowane digiri, ke nan guntun milimita 100 in ya ɗara da digiri 10 ya riga ya cinye duk rarar da zane ya ba ka. Shi ya sa duniya ta tsaya a kan digiri 20 wajen awo tun 1931, mu kuma da zafin watan Afrilu ke haura 40 ai sai esi, ɗakin awo ne kaɗai ba a kashe wa esi ko da janareta ake. Ko ɗumin tafin hannunka ma ɓarna yake in ka daɗe riƙe da kayan.

Da safe kafin na taɓa aikin kowa sai na gwada maikuromita ta, wato 'yar na'urar hannu da nake auna kauri da ita, da wasu 'yan tubalan ƙarfe da ke cikin akwatin katako, kowanne da kaurinsa a rubuce. Santsinsu ya kai in ka goge biyu ka murza su a juna sai su manne kam, ba gam ba maganaɗisu, har yau abin na burge ni wallahi. Wani ɗan Suwidin ne ya ƙirƙiro su, Carl Edvard Johansson, mai duba kaya a masana'antar bindigogi ta garin Eskilstuna, a 1923 kuma ya koma aiki da Henry Ford mai kamfanin motoci a Amurka. Ɗan sana'armu ne dai.

Duk yaron da aka kawo min koyon aiki sai na ba shi labarin Hubble, na'urar hangen taurarin nan da NASA, hukumar sararin samaniyar Amurka, ta harba a 1990. Madubinta mai faɗin mita 2.4 kamfanin Perkin-Elmer ne ya goge shi, gugar da ba a cewa komai, amma da hotuna suka fara saukowa sai ga su dishi-dishi. Ashe gefen madubin ya kauce da wajen maikiron 2, kuma ba masu guga ne suka yi sakaci ba, na'urar da ake auna madubin da ita ce aka haɗa ba daidai ba, gilashi ɗaya a cikinta ya goce da milimita 1.3, su kuwa suka yi ta bin abin da take faɗa sau da ƙafa. Abin takaicin, akwai wasu na'urori biyu da suka nuna akwai matsala, aka ce ai waccan ta fi su inganci, aka share. Sai a Disambar 1993 'yan sama jannati suka hau suka gyara.

To ni in maikuromita ta ce kaza babban injin awo ya ce kaza, ba na zaɓar wanda ya yi wa oga daɗi, jan tambari nake liƙa wa kayan gaba ɗaya a tsaya sai an gano wanda ke ƙarya. Direba na waje yana ta hon, oga na safa da marwa, masu injin na harara ta, wani ma ya daina amsa sallamata har sati, amma sa hannuna ne a takardar, in kwastoma ya dawo da kaya ni za a fara kira ofis.