Zarnin muzuru a labule da robar feromon da ake jonawa a soket

Sana'ata wankin kafet da kujeru da labule ce a gidajen mutane, ni da yara uku da suke min aiki, kuma lokacin da na fara ban taɓa zaton zarnin kyanwa zai zama babban abin da ake kirana a kai ba, amma haka abin ya koma. Kusan duk wanda ya kira tambayarsa ɗaya ce bayan mun gama wanki, wai in ya sayi robar feromon ɗin nan da ake jonawa a soket, mai fitar da sinadarin kwantar wa kyanwa hankali, shikenan magen za ta daina ɓata wurin da fitsari? Toh ni dai ga abin da na gani da idona a gidajen da nake shiga.

Abu na farko da nake tambaya in na shiga shi ne a nuna min wurin. In a ƙasa ne an yi tafki a kan kafet ko katifa, to wannan fitsari ne na gaske, ta tsugunna ta sauke abin da ke mararta. In kuwa a jikin bango ne ko ƙafar kujera ko gefen labule, ɗan kaɗan ya zuraro ƙasa, wannan feshi ne. Tsayawa take ta juya baya ta ɗaga jela sama tana karkarwa, wani lokaci tana taka ƙafafun baya, sai ta fesa. Wannan saƙo take barin wa wasu kuliyoyi, ko kuma hankalinta ne ba a kwance ba tana son ta ji warinta a wurin. Shi ya sa dukan da wasu ke yi mata da goga mata hanci a wurin yake ɓata min rai wallahi, tsoro kawai kake ƙara mata, tsoron kuma shi ke ƙara feshin.

Muzurun da ba a yi wa fiɗiya ba shi ne gaba, daga wajen wata 6 yake farawa, kuma nasa warin daban ne saboda wani sinadari da ake kira felinin da ya fi yawa a fitsarin maza. In likitan dabbobi ya yi masa fiɗiya, kusan 9 cikin 10 suna dainawa ko su rage sosai, amma wajen 1 cikin 10 na mazan yana ci gaba, matan da aka yi wa aikin hana haihuwa ma ana samun kamar 1 cikin 20. Mutane da yawa ba su san mace na fesawa ba sai na faɗa musu.

Ita robar kuma ga yadda take. Kun san yadda kyanwa ke goga kumatunta a ƙafarka ko gefen ƙofa, toh wani sinadari take shafawa wanda hancin mutum ba ya ji, ma'anarsa a wurinta nan gida ne ba abin tsoro. Wani likitan dabbobi ɗan Faransa, Patrick Pageat, shi ya yi aiki a kan sinadaran fuskar nan, an raba su kashi 5, kuma na ukun da ake kira F3 shi aka kwaikwaya aka yi Feliway na kamfanin Ceva, wato ruwan da ke cikin kwalbar da ake ɗaura wa robar. Kwalbar tana kai wajen kwana 30 a jone, kuma kamfanin ya ce tana isar fili har murabba'in mita 70. Binciken da aka tattara a 2011 ya nuna tana rage yawan feshin a kuliyoyi da dama, amma daina shi kwatakwata an fi samu da magungunan kwantar da hankali irin su fluoxetine da clomipramine, waɗanda likita ne kaɗai ke rubutawa. Abin da nake gani a aiki ya yi daidai da haka, tana ragewa, ba ta cika tsayarwa ita kaɗai ba.

Akwai wata baiwar Allah da ta kira mu sau uku a kan labule ɗaya, kuliyoyi biyu gare ta duk an yi musu aiki, ta jona robar nan har biyu tsawon wata uku ba wani canji. Karo na uku na ce Hajiya don Allah ki bari in duba gidan da daddare da tocilar UV, domin busasshen fitsari yana haskawa a duhu a ƙarƙashinta. Duk tabon a wuri ɗaya suke, ƙarƙashin taga da jikin ƙofar baya. Na ce mata ranki ya daɗe akwai baƙon muzuru da ke zuwa nan waje, ta ce ai kullum tana ganinsa a kan katanga. Shi ke fesa ƙofar ta waje, nata na ciki suna rama masa. Muka wanke ƙofar ciki da waje, muka liƙa takarda mai dishi-dishi a rabin gilashin na ƙasa yadda ba za su hango shi ba, robar ma ashe bayan kujera ta jona ta inda iska ba ta zagayawa, muka dawo da ita ɗakin da suke kwana. Cikin sati uku feshin ya koma jefi-jefi. Robar ta taimaka a ganina, amma sai da aka toshe musabbabin tukuna.

Inda na fi ganin amfaninta shi ne in an yi ƙaura, ko an sake kujeru, ko an samu jariri a gida, wato canjin da zai wuce da kansa. Can kam sau da yawa wata ɗaya ko biyu sun isa. In kuwa kuliyoyin gidan ne ba sa shiri da juna, ɗaya na tare wa ɗaya hanya, sai an raba musu wurin ci da sha da kwana, akwatin yashin da suke fitsari da kashi a ciki kuma kowacce nata a ƙara ɗaya a kai, a ɗakuna daban ba a jere wuri guda ba, a riƙa kwashewa kullum.

Wanki kuma shi ne ɓangarena, nan ne ake yawan kuskure. Duk abin wankin da ke da amoniya ku nisanta shi daga wurin, don fitsari ma yana fitar da amoniya, sai ta ji kamar wata ce ta fesa ta dawo ta ɗora nata. Bilic ma bai dace ba, haɗuwarsa da fitsari na tada hayaƙi mai cutarwa. Turare kuwa hancinka kawai yake rufewa, ita tana ji sarai. Mu ruwan wanki mai enzayim, wato sinadarin da ke narkar da ragowar fitsarin, muke jiƙa wurin da shi sosai har ya ratsa soson da ke ciki, mu bar shi ya jima ya bushe da kansa, wani wurin sai an maimaita sau biyu ko uku, wani soson kuma nakan faɗa wa mai shi gaskiya cewa sai dai a canza.

Amma kafin wanki da roba da komai nakan roƙi mutane su fara kai ta wajen likita, don ciwon mafitsara da tsakuwa suna sa kyanwa fitsari a ko'ina har a ɗauka feshi ne. In kuma muzuru ne kuka ga yana yawan shiga akwatin yashi yana yunƙuri yana kuka ba abin da ke fita, ko ɗigon jini, kada a kira ni kada a jira gobe, mai yiwuwa hanyar fitsarinsa ce ta toshe kuma tana iya kashe shi cikin kwana biyu zuwa uku, a ɗauke shi a tafi asibitin dabbobi a lokacin.