Wandon lilin a zafin Sakkwato

Da zarar Maris ya kama, zafi ya haura digiri 40, masu kawo mini ɗinki sai su koma neman lilin. Kusan kowa shara-shara yake zaɓa, a ganinsa shi zai fi shan iska. A riga na yarda. A wando kuwa, abin da hannuna ya koya mini daban ne.

Nauyin yadi ana auna shi ne da giram a kowace murabba'in mita. Mai giram 120 zuwa 150 na riga ne. Wando yana son 200 zuwa 260. A Babbar Kasuwa ba kasafai ake samun wannan a rubuce jikin bandir ba, don haka nakan yanki ƙyalle santimita 10 tsawo, 10 faɗi, in ɗora a ƙaramin sikeli irin na masu zinari, in ninka sau 100. Idan ya nuna giram 2.2, yadin 220 ke nan. Maigidana da ya koya mini sana'a bai taɓa riƙe sikeli ba. Cewa yake, "Yaro, ɗaga shi ga rana. In ka ƙirga yatsunka ta ciki, ba na wando ba ne."

Na ɗinka wa wani Alhaji wanduna biyu a awo ɗaya, ɗaya mai 140, ɗaya mai 230. Mara nauyin ya riƙa manne masa a cinya idan ya yi gumi, gwiwar ta buɗe saboda zaman sallah, aljihu yana nunawa ta waje. Mai nauyin ya sauka sak, ya bar fili tsakaninsa da fata, iska na ratsawa. Shi ya fi sanyi, kuma ko ya yamutse, yamutsewar tana da kyan gani.

Zaren lilin daga karan wani tsiro ake samunsa, wanda aka fi nomawa a arewacin Faransa da Beljiyam, kuma ba ya miƙewa. Shi ya sa nake ƙara wa hantsa da cinya sarari, in ninka ɗinki a hantsar, in bi bakin yadin da keken wibin don yana saurin zarewa. Kafin almakashi ya taɓa shi sai na wanke shi ya bushe, domin wankin farko yana rage masa tsawo. Guga kuma da ɗan danshinsa.

Idan ina shakkar an gauraya shi da roba, nakan ƙona zare ɗaya. Na gaske yana ci kamar takarda ya bar toka mai laushi, gauraye kuwa narkewa yake ya dunƙule. Wannan nakan yi a gaban mai kaya kafin mu yi maganar kuɗin ɗinki.