Shekara Uku Ina Koyar da Turanci a Japan: Yen Ba Naira Ba Ce

Ranar da takardar kwangilar ta shigo wayata, abin da na fara yi shi ne buga lissafi: yen 230,000 a wata, naira nawa ke nan? Abin da ya fito ya ninka albashina na makarantar kuɗi a Zariya sau da yawa. Na miƙa wa Yaya wayar, ya daɗe yana kallo, ya ce, "To ai kai ka haye, sai dai ka riƙa tunawa da mu." Wannan lissafin shi ne kuskurena na farko, don ba a kasuwar Sabon Gari zan riƙa cefane ba.

Ba son Japan ne ya kai ni Japan ba. Koriya ta Kudu na fara nema, sai na tarar bizar malamin Turanci a can galibi ta 'yan ƙasashe bakwai ce: Amurka, Kanada, Birtaniya, Ayalan, Ostareliya, Niyu Zilan da Afirka ta Kudu. Ɗan Najeriya ko da Turanci yake mafarki, fasfonsa ya hana shi. Japan kuwa digiri aka nema, da shaidar cewa na yi shekara 12 ina karatu da Turanci. Wani kamfani da ke samar wa makarantun gwamnati mataimakan malaman Turanci ya ɗauke ni, na sauka filin jirgin saman Narita a watan Afrilun 2022, aka tura ni wani ƙaramin gari a lardin Ibaraki.

Kafin in ga yen ɗaya na albashi, guzurina ya ƙare. Kama ɗaki a Japan ba biyan haya kawai ba ne. Akwai kuɗin ajiya da suke kira shikikin, akwai la'adar dillali, akwai kuɗin kamfanin da zai tsaya maka tunda ba ka da kowa a ƙasar, sannan akwai reikin, wato kuɗin godiya ga mai gida don ya yarda ka zauna masa a gida kana biyansa, kuma ba a mayarwa. Har yau wannan reikin ɗin bai zauna mini a kai ba. Albashin Afrilu kuma sai ƙarshen Mayu ya shigo. Wata biyu na yi ina cin taliya da ƙwai, ina ce wa Hajiya a waya komai lafiya lau.

Da albashin ya fara zuwa, haya ta ɗauki 52,000. Makarantuna uku a warwatse suke cikin gonakin shinkafa, dole na karɓi hayar ƙaramar mota, ga mai. Abincin rana na makaranta yana da araha, amma naman alade yakan shiga ko ta romo, sai na koma ɗaukar kulata. Allah Ya taimake ni da kantin Gyomu Super, inda ake sayar da daskararriyar kazar halal daga Burazil, da kuma 'yan Pakistan masu sana'ar tsofaffin motoci, waɗanda suka nuna mini masallaci da inda ake samun naman rago. Juma'a kuwa sai lokacin hutu. Wannan ma tsada ce, ko da ba ta fito a takardar albashi ba.

Abin da ya fi koya mini hankali ya zo ne a shekara ta biyu. A watan Yunin 2023 na tarar da ambulan daga ofishin hukumar garin. Harajin zama ne, kusan kashi 10 cikin 100 na abin da ake caje ka a kai, kuma da samun shekarar da ta wuce ake lissafa shi. Shi ya sa sabon zuwa ba ya biya a shekarar farko, sai ya ɗauka rarar da yake gani tasa ce, ya saba wa mutanen gida da aike mai kauri. Ni haka na yi. Ga shi tun Oktoban 2022 an faɗaɗa dokar inshorar lafiya da fansho, aka fara cire mana kaso mai nauyi kai tsaye. Ga watan Agusta da yara ke hutu, albashin ma sai ya tafi hutu, a biya ka wani ɓangare. A daidai wannan watan na Yuni aka saki naira a gida ta faɗi, masu lissafi a Zariya suka ga yen ɗina ya ƙara auki. Ranar da na ce wa Yaya zan rage aike, shiru ya yi, sannan ya ce, "Allah Ya rufa asiri." Na san abin da shirun ke nufi. Da tun farko na faɗa musu gaskiyar lissafin, da ban sha wannan kunyar ba.

A garin da ke maƙwabtaka da mu akwai wata 'yar Jamaika da ta zo ta shirin JET na ɗauko mataimakan malaman Turanci daga waje, wanda gwamnatin Japan ta fara a 1987. Aikinmu ɗaya, amma ita yen miliyan 3.36 take karɓa a shekarar farko, wata 12 cif, an kuma biya mata jirgi. Daga Afrilun 2025 ma an ɗaga shi zuwa miliyan 4.02. Sai dai ita ma shekara biyar ce iyakarta.

Nan ne gizo ke saƙa: aikin ba shi da tsani. Mataimaki ba shi da lasisin koyarwa na Japan, ba za a ba shi aji nasa ba, ba zai zama shugaban sashe ba. Wata rana ka tsara darasi ka ja ajin firamare da kanka, tunda daga 2020 Turanci ya zama cikakken darasi a aji biyar da shida. Washegari a ƙaramar sakandare ka tsaya gefen allo, malami ya ce karanta, ka karanta, yara su maimaita, kamar rediyo mai jini. Na haɗu da wani ɗan Filifin da ya shekara 11 a aikin, albashinsa da nawa ba wani bambanci. Ranar ban yi barci sosai ba. Albashina na shekara ta uku shi ne na shekarar farko, alhali buhun shinkafa mai kilo biyar ya haura yen 4,000 a farkon 2025, kusan ninkin kuɗinsa na farkon 2024.

Waɗanda na ga sun fita daga wannan keji, duk a gefe suka gina wani abu. Wanda ya ci jarrabawar harshen Japananci matakin N2 yana iya neman aikin kamfani, ko hukumar ilimi ta gari ta ɗauke shi kai tsaye ba ɗan tsakiya. Makarantun ƙasa da ƙasa lasisin koyarwa suke nema, jami'a kuma digiri na biyu da maƙalu. Ni sai da shekara ɗaya da rabi ta wuce ina kallon ƙwallo da yamma kafin na buɗe littafin kanji, wato haruffan rubutun Japananci, da gaske. N3, matakin da ke ƙasa da N2, na iya kaiwa.

Ba zan ce na dawo hannu rabbana ba. Akwai wata al'ada tasu da ake kira kenkyu jugyo: malami ɗaya ya koyar da darasi ɗaya, sauran malamai su jeru a bayan aji suna rubutu, bayan an tashi a zauna a feɗe darasin, wace tambaya ce ta ta da yaran, wane yaro ne aka bari a baya. Ba a zuwa don a kama mutum da laifi. A shekara shida da na yi ina koyarwa a gida, ba wanda ya taɓa shiga ajina sai don duba ko na cika littafin darasi. Yanzu mu huɗu muke yin irin wannan zaman a makarantar da nake, sau ɗaya a wata.

Na baro Japan a ƙarshen Maris ɗin 2025. Wanda ya bar ƙasar yana da wa'adin shekara biyu ya nemi a mayar masa da wani ɓangare na kuɗin fanshonsa. Ana cire harajin kashi 20.42 cikin 100, amma shi ma ana iya karɓo shi idan ka naɗa wakili a ofishin haraji kafin ka taso. Ɗan Filifin ɗin nan ne ya tsaya mini. Kuɗin ne na biya hayar shekara da su a Zariya.

Makon jiya ɗan ƙanwar Hajiya da ya gama bautar ƙasa ya turo mini saƙo: "Yaya, nawa ne suke biya a can?" Na tura masa hoton takardar albashina ta watan Agusta, da ta harajin Yuni, na ce ya karanta su tukuna sannan ya kira ni.